Sabi'u Cikin Akwati

Ni ne kawunsa, mai gyaran rediyo
a bakin kasuwar Garwa, daura da masu kifi.
A rumfata ya yi rarrafe,
da murfin batir ya sosa dasashi,
har Ladidi ta kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Bai yi magana da wuri ba.
Shekara uku baki kamar an ɗinke,
ido ne kawai ke ɗiba yana ajiyewa.
Ran da bakin ya buɗe kuwa
da muryar Baba Njidda mai albasa ya buɗe,
har da tarin, har da "rangwame sai gobe".

Daga nan ba wanda ya tsira.
Ɗingishin jandarman kan gada,
yadda mai kwalekwale ke furzar da goro a Binuwai,
malamin lakwal da atishawarsa uku a jere,
ni kaina, da harshe a waje in ina haɗa waya.
In na zare masa ido
sai ya zare mini nawa.

Wata Laraba cikin bazara,
ran da kwalta ke riƙe takalmi,
masu fim suka kawo lasifikar da ta mutu.
Daraktansu Bobbo, mutumin Marwa,
yana faɗa da Fillanci, yana tsaki da Faransanci,
ciniki kuma sai da Hausa.
Yana juya baya yaron ya kwashe shi ɗungurungum.
Bobbo ya waiwayo, ya ga kansa
ɗan shekara takwas, ba takalmi.
Bai yi dariya ba.
Ya ce, "Ɗan waye wannan?"

Suka sa shi ɗan masunci
wanda jirgin ubansa bai dawo ba.
Gudu ya yi, tsalle ya yi, duk a ɗauka ɗaya.
Da aka zo kan kuka sai abu ya cije.
An yanka albasa, an shafa man zafi,
kwana biyu ido ƙamas kamar yashin rani.
Bobbo ya fara lissafin kuɗin fetur.

A rana ta uku, da la'asar,
yaron ya zauna bakin ruwa, ya miƙe ƙafa ɗaya,
ya ja gefen riga ya toshe baki,
kafaɗu na rawa, babu sauti ko kaɗan.
Mai kyamara ya manta da numfashi.
Ni kuwa gwiwata ta saki,
don na san kukan nan.
Na Ladidi ne, na tsakar dare,
shekarar da uban ya bi tirela zuwa Injamena
bai aiko ko da gaisuwa ba.
Ashe idonsa biyu a kan tabarmar.

Jaka arba'in ta sefa aka biya.
Kafin damina ta faɗi, ya shiga kowace waya,
daga Kusiri har tashar jirgin Ngaundare.
'Yan acaba suka manna shi a tankin mai,
mata daga Yola suka aiko da turare da hula,
fim na biyu, na uku, na daina ƙirga.
Ana kawo mini rediyo lafiyayye gyara
don kawai a leƙa ko yana nan.
Uban ma ya samo lamba, ya bugo sau biyu.

Ladidi sau ɗaya ta kalla,
a rumfata, a talabijin ɗin wani da bai zo karɓa ba.
Da aka zo bakin ruwan ta miƙe,
ta ce ta bar shinkafa a wuta.
Ranar tuwo suka ci.

Jiya bayan isha'i ya zo, shi kaɗai,
ya yi tsawo, muryar ta fara fashewa.
Ya ce, "Kawu, da can, ni yaya nake dariya?"
Na laluba, na laluba, ban samo ba.
Sai na miƙa masa ƙarfen dalma
da wata tsohuwar rediyo mai shaƙewa.
Ya sunkuya, ya tsura wa wayoyin ido.
Can sai ga harshe a waje.
Ban tambaye shi ko nawa ne ba.
Na dai matso masa da fitila.